Sanarwar da Malam Buba Bai Yi Ba

Ku samarin yanzu, idan kun wuce ƙofar shagona a unguwar Gwallaga, nan Bauchi, kuka gan ni na duƙufa a kan rediyo, ina jin abin da kuke faɗa. Wai mene ne a ciki, ai waya ce a haɗa da waya. Ɗayanku ya kalli bidiyon minti biyar a wayar hannu, ya haɗa ƙwan fitila da batir ya kawo haske, shi ke nan ya zama injiniya, har ya fara amsa sunan. Ban hana ku ba. Ni ma da haka na fara, kuma girman kaina a lokacin ya ninka naku. Amma ku ɗan zauna a bencin nan in ba ku labarin aikin da ya fi kowane kyau cikin waɗanda hannuna ya yi, wanda har yau in na tuna shi sai na sunkuyar da kai.

Sunana Habu, kuma da motar kara na shigo wannan sana'a. Ina yaro nakan fere karan dawa in yi tirela mai tayar tsohon silifa, in tsinto batir ɗin da aka yar in shanya shi a rana, in liƙa ƙwan tocila biyu a gaba. Wata rana ina jan motata ta gefen kasuwar Muda Lawal, wani mai gyaran rediyo, Baba Iliya, ya tsayar da ni. Ya juya motar, ya duba yadda na ɓoye wayar a cikin ɓargon karan, bai ce ta yi kyau ba, bai ce ba ta yi ba. Sai ya tambaye ni gidanmu. Kwana biyu bayan haka mahaifina ya kama hannuna ya kai ni shagonsa, na yi shekara bakwai a can.

Wata shida na farko ban gyara komai ba. Aikina in hura gawayi a kurfoti, in sa ƙarfen dalma ya yi zafi, in zauna da gawar rediyo ina cire mata kaya ɗaya bayan ɗaya, ina rarraba su a gwangwanayen madara. Taranzista a nan, kwandansa a can. In na karya ƙafar ɗaya, Baba Iliya ba ya duka, sai dai ya ɗaga ta sama ya nuna wa duk wanda ke shagon, ya ce, "Ku ga aikin Habu." Da ma dukan ya yi, da ya fi mini sauƙi. Kayan aikinsa ba su cika jaka ɗaya ba: mita mai allura, filaya, sukudireba uku, tsohon buroshin haƙori, da ɗan madubin mata na leƙa lungu. Sauran aikin hanci ne da yatsa. Yakan buɗe rediyo ya shinshina, ya ce taransifoma ce ta ƙone, kuma ita ɗin ce. Yakan taɓa yatsa a harshe ya dafa wani wuri, in lasifika ta yi gurnani ya san daga nan zuwa gaba lafiya lau, ciwon yana baya. Wannan ba a bidiyo ake koyonsa ba.

Da na buɗe nawa shagon a nan Gwallaga, masu kawo aiki iri-iri ne. Sojojin barikin Shadawanka sukan kawo manyan rikoda masu kaset biyu, su ce yau suke so, kuma yau ɗin suke nufi. Fulani sukan kawo ƙaramar rediyo cikin rigarta ta saƙa, su tsaya a kanka har ka gama, don kada ka musanya musu wani abu a ciki. Matan aure sukan aiko da kaset ɗin da rikoda ta tauna, in warware zaren da biro, in yanke wurin da ya lalace in haɗa da jan farce. Kayan gyara kuwa sai na je Jos, wani lokaci Kano. Sau ɗaya na bi motar doya har Anacha, na ga layin da ba abin da ake sayarwa sai taranzista, na tsaya baki buɗe kamar ɗan ƙauye ya ga jirgi. Na dawo da kaya cike da jaka, da kai cike da dabaru.

Dabarun nan su ne cutata. Gyara shi ke ciyar da ni, amma abin da nake so shi ne in ƙera abin da ba wanda ya sa ni. Na yi fanka da ɗan injin da ke juya kaset a rikoda. Na yi allon ludo mai fitilu, wanda in ɗanka ya shiga gida sai jan ƙwai ya kama. Na ciro ɗan abin da ke cikin kan tsohuwar wayar tarho na liƙa a cikin garayar wani makaɗi, muka haɗa da amfilifayar da na harhaɗa cikin akwatin katako, ranar da ya kaɗa ta a wani biki har daga bayan layi ake jin tsirkiya. Daga nan makaɗa suka san shagona. Ni kuma na fara tafiya kamar ƙasa ba ta isa ta ɗauke ni ba.

Aikin da na ce zan ba ku labarinsa makirfo ne marar waya. A wani tsohon littafi da na tsinta a Jos na ga zanensa. Taranzista biyu, batir, ɗan guntun waya a matsayin eriya, duka cikin gwangwanin kifi. Ka yi magana a ciki, duk rediyon da ke kusa, in an murɗa ta daidai, za ta kama muryarka kamar tasha. Sirrin yana wurin wata 'yar wayar tagulla da ake naɗewa. Yawan naɗin da faɗinsa su ke yanke a wane wuri rediyo za ta kama ka. Ni a jikin biro nake naɗawa, sau biyar, in zare biron. Wani saja da ya ga ina gwadawa ya ja ni gefe ya ce, "Mai rediyo, ka yi hankali fa. Wannan gidan rediyo ne ka buɗe, kuma mulkin soja ake yi." Na yi dariya na ce ai ko ƙarshen unguwa ba ya kaiwa.

Masallacin layinmu na fara yi wa, kyauta, don neman lada da kuma, in faɗi gaskiya, don a gani. Na haɗa wata tsohuwar rediyo da amfilifayar masallacin, na murɗa ta daidai na ɗaure maɓallin da salatif. Liman ya samu ya riƙa yin karatu a farfajiya ba waya tana harɗe ƙafar mutane. Mai kula da kayan shi ne ladani, Malam Buba.

Malam Buba Bafulatani ne da ya zauna gari bayan shanunsa sun ƙare, dattijo siriri mai shekara wajen saba'in. Sama da shekara ashirin shi ke kiran salla a masallacin, kuma shi ke sanarwa: yaro ya ɓata, an tsinci akuya, an yi rasuwa. Hausarsa irin ta wanda ya koya da girma ce, kowa a wurinsa namiji ne, mace ma "ya zo" ce. Rabin Bauchi haka suke magana, ba abin dariya ba ne. Abin da ya keɓanta da shi shi ne yadda yake farawa. Zai yi gyaran murya sau biyu, sannan ya ce, "Useni jama'a, useni." Useni a Fulatanci roƙo ne, kamar ka ce don Allah. Da an ji wannan kalma daga lasifika, mata sukan ajiye taɓarya, masu shago su rage rediyo. Maganar Malam Buba ba a tambayar ko gaskiya ce.

Ni kuma ina da wata baiwa marar amfani, kwaikwayon muryar mutane. Duk mai gyara yana gwada makirfo da bakinsa, wasu su ce "halo halo", wasu su ƙirga ɗaya biyu uku. Ni da muryar mutanen unguwa nake gwadawa, don in ba maƙwabcina dariya, Ɗanladi tela, wanda shagonsa ke manne da nawa, abokin darata.

Wata mai waƙar biki ta ga na masallaci ta ce ita ma tana so. Na zauna na ƙera mata. Na ɗauko biron nan dai, na naɗa wayar tagulla sau biyar, kamar yadda hannuna ya saba. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa naɗi iri ɗaya tasha iri ɗaya ce. Wannan kuskure ne da ɗan koyo ba zai yi ba, don shi bai iya yin abu biyu su fito daidai ba. Sai wanda hannunsa ya faɗa.

Ranar wata Talata ce, tsakanin azahar da la'asar. An ɗauke wuta ana cikin sallar azahar, saboda haka ba wanda ya tuna ya kashe amfilifayar masallaci. Can aka dawo da wutar. Injin niƙan da ke bayan shagonmu ya tashi da ƙararsa, lasifikar masallaci kuma gabas take kallo, mu muna bayanta, ba ma jin ta. Ɗanladi ya ci ni dara sau uku a jere yana ta yi mini tsiya. Na ce to bari in rama. Na ɗauki sabon gwangwanin na kunna, na yi gyaran murya sau biyu.

"Useni jama'a, useni. Allah ya yi wa Ɗanladi tela rasuwa. Uwarsa ya ce a zo jana'iza bayan la'asar. Useni."

Ɗanladi ya yi dariya har ya kifar da 'ya'yan darar. Na sake maimaitawa, don na ga ta yi daɗi.

Ba a yi minti goma ba muka ji salati daga bakin layi. Muka leƙa. Goggo Asabe ce, mahaifiyar Ɗanladi, ba takalmi, ba mayafi, mata biyu na biye da ita suna ƙoƙarin riƙe ta. Ta iso ƙofar shago ta ga ɗanta a tsaye da ɗan dara a hannu, ta zube a wurin. Sai da aka yayyafa mata ruwa. Kafin ta farfaɗo layin ya cika, har da masu ɗauke da buta sun yi alwala.

Tambaya ɗaya kowa ke yi, wa ya yi sanarwa. Amsa ɗaya kuma kowa ke bayarwa, Malam Buba. Aka same shi yana gyangyaɗi shi kaɗai a barandar masallaci, mabuɗi a aljihunsa. Ya rantse bai taɓa makirfo ba. Amma mutum ɗari sun ji muryarsa, sun ji useni. Ɗanladi ya matse mini hannu ya raɗa mini, "Bakinka alaikum. In aka san kai ne, shagon nan ba zai kwana ba, kuma ka tuna maganar saja." Na tuna. Na jefa gwangwanin a ƙasan tebur na rufe da tsumma. Ina tsaye cikin taron ina girgiza kai tare da kowa.

Ba wanda ya zage shi, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Aka ce tsufa ne, kai ya fara juyewa. Dattawan masallaci suka taru, suka ba shi haƙuri, suka ce ya huta, suka karɓi mabuɗin suka ba wani. Ya ci gaba da zuwa salla, yana sahun farko kamar kullum, amma in ya gaisa da mutum sai a amsa masa da irin muryar da ake yi wa marar lafiya.

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a, ko da yake aiki bai ragu ba. Na koma yin salla a wani masallaci can gaba, na ce wai ya fi kusa da inda nake sayen dalma. Na daina kwaikwayon kowa. Dara ma muka bari, don in muka zauna ni da Ɗanladi ba mai iya kallon idon wani. Na ƙona taransifomar wani soja saboda na haɗa waya a juye, abin da ban taɓa yi ba ko ina ɗan koyo. Kunya nake ji, safe da yamma, amma tsoro ya fi ta ƙarfi. Haka na yi wata huɗu.

Wata safiya ina goge kan wata rikoda sai inuwa ta rufe mini haske. Malam Buba ne, da 'yar rediyonsa cikin rigar saƙa. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi benci. Wayar batir ce kawai ta tsinke, aikin minti biyu, amma sai da na ɗigar da dalma a kan tebur. Yana ta kallona. Can ya ce, "Habu, kai ka san kayan nan. Ina tambaya. Injin na masallaci, yana iya magana da kansa?"

Na ce, "A'a, Baba. Sai an yi magana a ciki."

Ban yi ƙarya ba, kun gani. Irin gaskiyar da ta fi ƙarya muni ke nan.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "To ni ne ke nan. Na yi, ban sani ba." Ya karɓi rediyonsa ya mayar da ita cikin riga. "Yarana sun ce ranar Asabar za su kai ni ruga wurin babban ɗana. Sun ce kada wata rana in fita in ɓata. Da farko na ƙi. Yanzu na ga suna da gaskiya."

Ya tafi. Na zauna ina kallon ɗigon dalmar nan har ta daskare. Na raba mutum da aikinsa, wannan na sani tun tuni, kuma na iya zama da shi. Amma ban san na raba shi da yarda da hankalinsa ba. Na leƙa shagon Ɗanladi na ce masa zan faɗa. Ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "In za ka, tare za mu. Ni na yi dariyar."

Ranar Alhamis bayan la'asar, kafin mutane su watse, na miƙe a masallacin da gwangwanin kifi a hannu. Na yi bayani. Na faɗi maganar biro da naɗi biyar, da wutar da aka ɗauke aka dawo da ita. Na ɗauka da na faɗa shi ke nan, ashe ban fara ba. Mutane suka dubi juna. Wani dattijo ya ce, "Habu, tausayin Malam Buba ne ya sa kake so ka ɗauki laifin, Allah ya ba ka lada. Amma mu da kunnenmu muka ji. Muryarsa ce."

Liman ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Abin mai sauƙi ne. In kai ne, maimaita mu ji."

Na dubi sahun farko. Malam Buba na zaune, carbi a hannu, bai fi taku uku daga inda nake ba. Na ce, "Allah gafarta malam, a gabansa?"

Liman ya ce, "A bayansa ka yi na farko."

Ban taɓa ɗaukar abu mai nauyin gwangwanin nan ba. Na kunna. Na yi gyaran murya sau biyu, kuma daga nan ma na ga wasu sun ɗago kai. Na ce, "Useni jama'a, useni." Muryar Malam Buba ta fito daga lasifika ta bi unguwa, shi kuwa yana zaune bakinsa a rufe. Na faɗi sauran har ƙarshe, har da "uwarsa ya ce". Wani matashi a baya dariya ta kuɓuce masa, ya toshe baki. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Wasu suka fara yunƙurowa da faɗa, liman ya ɗaga hannu. Kowa ya juya wurin Malam Buba.

Ya daɗe yana kallon tabarma. Sannan ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ya ce, "Ashe haka nake magana?"



Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Na yafe. Alhamdu lillahi, kaina lafiya." Ya miƙa hannu, wanda aka ba mabuɗi ya ciro ya sa masa a tafi. Ranar shi ya kira magariba, kuma ba a kai shi ruga ba.

Ba a ƙona shagona ba, soja ma bai zo ba. Duk abin da na ji tsoro wata huɗu bai faru ba. Na je na durƙusa wa Goggo Asabe, ta wanke ni tas, ta ce in tashi in ba ta wuri. Na cire rediyon daga masallaci na mayar musu da makirfo mai waya, ita mai waƙar kuma na ba ta haƙuri, na ce nata ba zai yiwu ba. Tun daga ranar, da "halo halo" nake gwaji kamar kowa.

Amma akwai abin da bai gyaru ba. Malam Buba ya ci gaba da kiran salla, don wannan Larabci ne. Sanarwa kuwa bai sake yi ba. In an kawo ta sai ya miƙa wa wani makirfo ya koma gefe. Ko a majalisa ya rage magana, in zai ce wani abu sai ka ga ya tsaya yana auna kalmar, ko "ya" ce ko "ta". Ba a sake jin useni a Gwallaga ba. Na gyara rediyon da ta faɗa rijiya, na gyara wadda tsawa ta ƙona, amma wannan ban san inda zan sa ƙarfen dalma ba.

Bayan shekara uku Malam Buba ya rasu, da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Ina cikin masallacin a lokacin, a kan tsani, ina canza wayar lasifika. Mai yin sanarwa ya tafi kasuwa. Liman ya duba bai ga kowa ba sai ni, ya miƙo mini makirfo ya ce lokaci na ƙurewa. Na sauko, na faɗa da muryata, sau uku, yadda ake yi.

Ina naɗe waya sai ga Ɗanladi ya shigo, yana ta kauce wa idona. Na ce lafiya? Ya ce Goggo ce ta aiko shi. Ta ji sanarwa, ta gane mai magana, ta ce ya je gidan Malam Buba ya gani da idonsa tukuna kafin ta ɗauki mayafi.

Na ce masa ya je, tana da gaskiya.